Injin Baba Gaji na Tudun Bado

Tun ranar da aka sauke wannan tsohon inji a ƙofar shagona bakina bai huta ba. Wanda ya zo karɓar kujera sai ya tsaya ya yi tambaya, mai wucewa ma sai ya leƙo: "Malam Sale, wai da gaske ne daga cikin ruwa ka tsamo shi?" A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa labarin har ya fara canza kama. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai kada ne ya biyo mu, alhali ko wutsiyar kada ba mu gani ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe, yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni kafinta ne a Haɗejiya. Gadaje nake yi da kujeru da tebura, kuma da wannan sana'a nake riƙe da gidana. To, shekarun nan ido ya buɗe. Duk wadda za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki sai ta ce tana son gado mai murɗaɗɗiyar ƙafa, mai wuya da ciki kamar tulu. Irin wannan ba a yin ta da zarto da magagari, sai da injin da yake juya guntun itace da gudu, kai kuma kana riƙe da cizal, wato ƙarfen sassaƙa, kana fitar da siffar da kake so. Ba ni da shi. Sai in aika katako Kano, in zauna jira, wani lokaci ya dawo ƙafa uku iri ɗaya, ta huɗu dangin wani gadon. A haka na rasa manyan ayyuka, ina ji ina gani. Sabon inji ya fi ƙarfina, ƙananan da ake kawowa kuwa na taɓa ɗaya da hannu na ji kamar gwangwanin madara.

Wata rana wani masunci mai suna Maina, wanda yake kawo bandar kifi kasuwarmu, ya zo in gyara masa akwatin kifi. Ya ji ina mita, sai ya ce, "Ai mu muna da irin injin nan a garinmu. Na wani tsoho ne, Baba Gaji. Idonsa ya yi yana, yana neman mai saye. 'Yan gwangwan ma sun je sun ce za su fasa shi su auna."

Na ce, "Ina ne garin naku?"

Ya ce, "Tudun Bado. Nan ne bayanku, cikin fadama."

Na sayar da shinkafar da na noma da bijimin san da nake kiwo, na ƙulle kuɗin a lalita. Uwargida ta dube ni ta ce, "Ka dai gani da idonka kafin ka kwance lalitar nan. Abincin shekara ne a ƙugunka." Na kuma nemi Habu makanike, mijin ƙanwata, ya raka ni, don shi ya san ciwon ƙarfe. Habu mutum ne da bai taɓa ganin abin saye ya yaba ba. Ko ragon layya ka nuna masa sai ya ce yana ɗingishi.

Muka tashi da safe, ƙarshen damina, lokacin da kogi ya cika ya batse. Motar da muka shiga ta ɗauki hanyar gabas, cike da mata masu komawa ƙauye da buhunan gishiri. Ba mu yi nisa sosai ba direba ya tsaya ya ce iyakarsa ke nan, ruwa ya cinye titi. Muka hau acaɓa, suka bi da mu ta kan gaɓar da manoma suka tayar da buhunan ƙasa, dama ruwa hagu ruwa. Acaɓan Habu ya zame, suka kwanta cikin taɓo shi da mai acaɓan, jakar kayan aikinsa a sama. Da ya tashi ya share fuska, ya dube ni ya ce, "Yaya, injin nan tun ban gan shi ba na san ba shi da kyau."

A inda ƙasa ta ƙare muka sami Maina yana jiranmu da kwalekwale.

Jama'a, ni haifaffen Haɗejiya ne. Na je Kano ba adadi, na je Legas, na ga teku. Amma wallahi ban san bayan gidanmu ba sai ranar nan. Mu a gari kogi abu ne da muke tsallakewa ta gada, ko mu riƙa zaginsa in ya yi ambaliya. A can kuwa shi ne titi, shi ne gona, shi ne kasuwa. Maina ya tokara gwangwalarsa muka shiga, tun ina waiwayen tudu har na daina ganinsa. Ruwa ya shimfiɗu iyakar ganin ido, furen bado fari fat a kansa, itatuwan goruba tsaye cikin ruwa har wuya. Wata dattijuwa ta wuce mu ita kaɗai a jirginta, da akuya ɗaure a gaba da tukunya a baya, tana tuƙi tana cin goro kamar mai zaune a tsakar gida. Suka fara gaisawa da Maina da yarensu tun tana nesa, suka ci gaba har ta wuce, har muryarta ta dushe suna amsa wa juna. Na tambaye shi me suke ta faɗa haka. Ya ce, "Gaisuwa ce kawai. A ruwa ba a tsayawa, ba a kuma katse gaisuwa. Sai wanda ya daina jin ɗan'uwansa ya yi shiru."

Can gaba muka ji huci kamar na injin niƙa. Maina ya ja jirgi gefe. Sai ga garken shanu suna iyo, ba ka ganin komai sai ƙaho da hanci, wani Bafulatani yana riƙe da wutsiyar babban sa, ya ɗaure rigarsa da sandarsa a ka. Ya ɗago hannu ɗaya ya yi mana sallama. Habu, wanda tun da muka shiga jirgi ya ƙanƙame gefe da hannu biyu, ya ce a hankali, "Allah mai iko." Ban taɓa jin ya faɗi abu ba tare da ƙorafi a ƙarshe ba sai ranar.

Daga nan muka shiga kacala. Wanda bai sani ba, wata ciyawa ce mai tsawo, ta fi mutum a tsaye, ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki. Mutanen wurin sun sare wata siririyar hanya a cikinta, daidai faɗin jirgi. A tsakiyarta akwai wani busasshen kututturen giginya, tsuntsaye sun yi masa farin fenti da kashi. Maina ya nuna shi da baki ya ce, "Ga iyaka. Nan Jigawa, can Yobe."

Habu ya ce, "Ina shingen? Ina masu duba kaya?"

Maina ya ce, "Ga su can."

Wasu maza ne cikin ruwa har ƙirji, da lauje a hannu, suna saran kacala. Ashe al'adarsu ce, duk jirgin da ya zo wucewa ranar aikin gayya, sai namiji ɗaya ya sauka ya sare dami kafin a ba shi hanya, baƙo ne ko ɗan gari. Ba sa karɓar komai a madadin haka. Na fara tuɓe riga, Habu ya ce ba zai bari yayan matarsa ya shiga ruwa yana kallo ba, tunda shi dama ya riga ya ɓaci da taɓo. Ya sauka ya sare daminsa, aka yi masa tafi. Da ya hawo sai ga matsattsaku biyu manne a ƙaurinsa, sun sha sun yi tiɓis. Ihun da ya yi ya tayar da tsuntsayen kan iyaka. Wani daga cikin mazan ya tauna taba ya tofa a kansu suka faɗi, ya ce, "Ka biya kuɗin fito da jini, baƙo, ka zama ɗan gari."

Muna fita daga kacala rana ta dushe. Na ɗauka hadari ne. Da na ɗaga kai sai na ga sama tana motsi. Jan baki ne, tsuntsayen nan masu cin shinkafa, sun taso daga cikin ciyawa. Na sha jin manoma suna kuka da su, amma ban taɓa sanin haka suke ba. Sun rufe rana, suna naɗewa suna warwarewa kamar ana kaɗa baƙin zane, ƙarar fikafikansu kamar ruwan sama a kan kwano. Daga gonakin shinkafa muka ji mata da maza suna buga gwangwanaye suna kururuwa. Ni bakina a buɗe don mamaki, Maina kuwa fuskarsa a murtuke, don gonarsa tana can. Abin da nake kallo ina tasbihi, shi abincinsa yake ci. Na ji kunya na rufe baki.

Tudun Bado ɗan tudu ne da ruwa ya kewaye, gidaje na laka da zana, hayaƙin bandar kifi ko'ina. Aka kai mu gidan Baba Gaji. Dogon tsoho ne siriri, idanunsa sun yi fari, hannuwansa manya kamar ba nasa ba. Na gaishe shi na fara cewa, "Baba, mun zo ne a kan maganar…" sai matarsa, Iya Fanna, ta katse ni daga bakin murhu: "Ɗan birni, a nan ba a faɗin abin da ya kawo mutum da yunwa a cikinsa."

Aka kawo burabusko da miyar tarwaɗa, da wani fate na 'ya'yan bado wanda ban taɓa ci ba, ɗanɗanonsa tsakanin gero da gujiya. Aka tsamo kan kifin, ƙato, aka ajiye a gabana. A gidanmu kan kifi na yara ne, sai na tura wa Habu. Maina ya taɓa ni da gwiwa ya raɗa mini cewa a nan kai na babban baƙo ne, mayar da shi kamar ka ce ba ka yarda da gidan ba. Na janyo abina da sauri, na zauna ina fama da ƙaya, Iya Fanna tana kallona tana dariya har da riƙe ciki.

Sai bayan la'asar Baba Gaji ya miƙe ya ce mu zo. Ba ya riƙe sanda, bango yake shafawa. Ya kai mu wata rumfa a bayan gida, ya yaye tabarmin da aka rufa.

Sai ga injin. Ya fi tsawon mutum a kwance, baƙi wuluk, duk jikinsa ƙarfen zubi, ƙafafunsa masu lanƙwasa kamar na zaki. An yi shi a zamanin da ake yin abu don ya binne mai shi. Baba Gaji ya ce a wurin gyaran taragu ya yi aiki da shi, lokacin da jirgin ƙasa yake zuwa Nguru, da aka watse ya saye shi ya kawo gida a kan amalanke da rani. Da shi ya yi wa ƙasar nan akusa da taɓare da maburgai da ƙotar filafili, shekara da shekaru.

Na ce, "Da wace wuta, Baba?"

Iya Fanna, wadda ta biyo mu, ta ce, "Ga wutar a tsaye." Ta nuna wani babban gare na katako jingine da zana. "Ni nake juya wancan da hannu, shi yana sassaƙa. Har na haifi 'ya'yana ina juya shi. Da ya sayi injin ban ruwa ya ɗaura masa, ranar na yi rawa."

Habu ya buɗe jakarsa ya shiga aiki, fuska ba annuri. Ya kankare tsatsar da ke ƙafafun, ya nuna mini layin da ruwan bara ya bari. Ya kama ƙarfen da ke juya itacen ya girgiza shi sama da ƙasa, ya ce boris, wato zoben da ƙarfen yake juyawa a ciki, ya ɗan saki. Ya duba zaren notinan ya ce irin na da ne, ko a Kano ba lalle a samu ba. Bel ɗin kuwa na fatar sa ne, an ɗinke shi da tsirkiya. Yana cikin lissafo aibu Baba Gaji ya ce, "Makanike, ka wuce babban. Kawo hannunka."

Ya kama hannun Habu ya kai shi ƙarƙashin kan gaba, wato ɓangaren da ke riƙe itace yana juya shi, inda ƙafa ta haɗu da doguwar shimfiɗar ƙarfen da ake kira gadon injin. Tsaga ce, an ɗaure ta da faci na ƙarfe da notina, maiƙo ya rufe ta. Da bai nuna ba da wuya mu gani a wannan duhun rumfar.

Ya ce, "Daga kan amalanke ya faɗo ranar da na kawo shi. Ban taɓa aiki da shi a garin nan ba tare da ita ba. Ba na son ka kai shi gida ka gano, ka ce tsoho ya cuce ka."

Habu ya ja ni waje. Ya ce, "Yaya, ƙarfen zubi ba ya jin walda. Ranar da tsagar nan ta buɗe, ba ka da inji, ba ka da sa, ba ka da shinkafa. In kuma ta buɗe itace yana gudu, fuskarka ce a wurin. Ni dai na faɗa. Mu kwana mu koma."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta zauna mini a ƙirji. Aka ba mu masauki a kan wani dandamali na itace da aka ɗaga sama da ƙasa, aka hura hayaƙi a ƙarƙashi saboda sauro. Haka suke kwana a can, kamar kifin da ake banda. Da safe rigata da hulata duk ƙaurin tarwaɗa suke, amma sauro ko ɗaya bai taɓa ni ba. Na tashi da niyyar in ba tsoho haƙuri.

Bayan mun karya da kunu, Baba Gaji ya ce, "Kun duba shi a kwance. Ba a sayen doki a kwance."

Aka kawo injin ban ruwa aka ɗaura bel. Kafin a tayar, ya kwance kan baya, wato ƙarfen da ake turowa ya danne ɗaya ƙarshen itacen, ya tura shi a kan gadon har tsininsa ya je ga tsinin kan gaba. Ya ce in duba. Na durƙusa. Tsini biyu sun haɗa baki daidai, ko gashi ba zai ratsa ba. Wannan shi ne abin da na fi tsoro, don in gadon inji ya karkace, duk abin da ka juya zai fito a karkace, kuma babu mai gyara shi. Habu ma ya durƙusa ya duba.

Tsoho ya sa aka ɗebo ruwa a ƙoƙo ya ɗora a kan gadon, daidai saman tsagar. Ya ɗaure guntun maɗaci mai kaurin ƙafar gado. Maina ya ja igiya, inji ya tashi. Itace ya fara gudu har ya zama kamar hayaƙi. Na dubi ƙoƙon, ruwan yana ɗan rawa kaɗan, kamar an hura masa iska. Habu ya ɗora bakin sukudireba a kan boris, ya manna ƙotar a kunne, ya daɗe yana saurare.

Sai Baba Gaji ya ɗauki cizal. Ni dai ban san yadda zan faɗi wannan ba. Mutumin da sai ya shafa bango yake gane ƙofar ɗakinsa, ya tsaya gaban itace mai gudu ya karkata kai gefe yana saurare, ya sa ƙarfe. Ɓawon itace ya riƙa fita dogo dogo yana sauka a kafaɗarsa. Hannun hagu yana bin bayan itacen a hankali, na dama yana tafiya da cizal. Wuya ya fito, ciki ya fito, zobe uku suka fito a jere. Mutanen gari sun taru a bakin rumfa, ba mai tari. Da ya tsayar ya miƙo mini, na shafa, sumul kamar an goge da sanfefa, alhali ƙarfe kaɗai ya taɓa shi. Idona ya kawo ruwa, na fake da ƙurar katako.

Ya ce, "Saura ka ga abin da ba zai iya ba."

Ya sa aka ɗauko wani ƙaton gungume irin na turmi, aka ɗaura. Ana tayarwa rumfa ta ɗauki rawa, ƙoƙo ya yi tsalle ya kife, facin tsagar yana ƙara ƙas ƙas. Ya ɗaga hannu aka kashe nan take.

Ya ce, "Ka gani. In turmi kake so, ka bar shi, zai kashe ka. In ƙafar gado ce da ta kujera, zai yi maka, ya yi wa ɗanka. Kar ka ce ban faɗa maka ba."

Na fita na tsaya bakin ruwa ni kaɗai. Na tambayi kaina, ni me nake yi a shago? Ban taɓa sassaƙa turmi ba, ba ni kuma da niyya. Gadon injin miƙaƙƙe ne, boris ana canzawa, tsatsa ta tsaya a ƙafa. Tsagar kuwa ta girme ni a aiki, kuma mai ita ya nuna mini iyakarta da hannunsa. Na tuna maganar uwargida, na ga ai na gani da idona. Na dawo na ce, "Baba, na saya." Abin da muka yi da shi tsakaninmu ne, amma ya karɓi ƙasa da abin da na yi zato, da sharaɗin ko bayan ransa ba zan sayar wa masu fasawa ba.

Habu ya ce, "Ni dai ba da yawuna ba." Sannan ya tuɓe riga ya shiga kwance injin gaɓa gaɓa, yana naɗe kowane noti a tsumma kamar ƙwai, yana yi wa duk wanda ya taɓa tsawa.

Ɗaukar sa aikin gari guda ne. Aka haɗa manyan jirage biyu aka ɗaure da itatuwa a gicciye, maza suka ɗauko gadon injin a kan gwangwaloli suna waƙar jan jirgi. Da aka ɗora shi jiragen suka nutse har saura ɗan yatsa ruwa ya shiga. Iya Fanna ta tsaya ta dafa garen katakon nan nata, ba ta yi dariya ba wannan karon. Baba Gaji ya sa aka kai shi har bakin ruwa, ya shafa ƙarfen sau ɗaya, ya ce, "Ka riƙa ba shi mai kafin ya roƙa." Ya juya ya kama hanyar gida tun ba mu tashi ba.

Muka bi ta zagaye, don hanyar kacala ba za ta ɗauki jirage biyu a haɗe ba. Mun wuce rabin hanya, a wani fili da ruwa yake da zurfi, iska ta taso. Jiragen suka yi tangaɗi, na ji wani abu ya gurgura a bayana, sai ƙundum. Kan baya ne. Igiyarsa ta kwance ya gangara cikin ruwa. In babu shi injin nan ƙarfen awo ne kawai, kuma babu inda za a samo irinsa. Na dubi ruwan, ja ne, ba ka ganin tafin hannunka a ciki.

Maina ya caka gwangwala a wurin ya bar ta tsaye, ya sa hannu a baki ya yi wata irin kuwwa. Ban ga kowa a kusa ba. Amma kafin wani lokaci sai ga mutane suna fitowa daga cikin kacala, wasu a jirage, wasu kwance a kan manyan goruna suna iyo da hannu, masunta ne da ke duba komarsu. Ba wanda ya tambayi ko ni wane ne. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka riƙa nutsewa tare suna laluben taɓo, su taso su matsa gaba, su sake nutsewa. Habu yana zaune ya rungume gadon injin, bakinsa yana motsi da addu'a. An daɗe. Har na fara cewa a haƙura kar wani ya halaka saboda ƙarfe, sai wani mai furfura ya taso ya tofar da ruwa ya ce ƙafarsa ta taɓa wani abu mai sanyi da ba dutse ba. Mutum uku suka bi shi da igiya. Da kan baya ya fito, baƙin taɓo yana zuba daga jikinsa, Habu ne ya fara kabbara.

Na kwance lalita zan ba su wani abu, mai furfurar ya ture hannuna. Maina ya ce, "Bari, za ka ɓata musu rai. Abin da ruwa ya ɗauka, kowa ne yake nema. Gobe na wani ne." Suka hau gorunansu suka koma cikin ciyawa kamar ba a yi ba. Ko sunan ɗaya ban sani ba.

Daga bakin tudu amalanken shanu ce ta kai mu titi, daga nan muka sami motar ɗaukar yashi. Habu ya kwana biyu a shagona yana haɗa shi, ya canza boris, ya ɗaura masa sabon bel, ya zana layi da farin fenti a ƙarshen tsagar don mu gane in ta motsa. Har yau tana inda take. Kullum ya zo sai ya durƙusa ya duba, ya tashi ya ce, "Saura kaɗan." Ƙafafun gadon ɗakinsa kuwa a kan injin aka yi su.

Ban iya shi nan da nan ba. Na ɓata katako mai yawa, cizal ya sha fizge mini hannu. Da hannuna ya fara zama, abu na farko da na yi da niyya shi ne sanda ta maɗaci, mai zobe uku a wuya. Na goge ta na shafa mata mai, na ba Maina ranar kasuwa ya kai wa Baba Gaji.

Da ya dawo mako na gaba na tare shi tun bai sauke kifi ba. Na ce, "Me ya ce?"

Maina ya ce, "Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya daɗe. Sai ya ce in gaya maka cizal ɗinka ba shi da kaifi, kuma kana danna shi kamar mai bin gaba. Ya ce zoben tsakiya ya fi 'yan'uwansa ƙiba."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan. Na ce to ya kawo in mayar maka ka gyara. Ya ɗaga ta zai buga mini. Yanzu da ita yake zuwa masallaci, ya daina shafa bango."